Farar Ƙura a Barandar Mama Martha

"Mama, mu ma talakawa ne?"

Da Turanci Aliyya ta yi tambayar, kuma da ƙarfi, yadda duk wanda ke baranda sai da ya ji. Tayyiba tana durƙushe tana ja mata zif ɗin rigar sanyi, Fatihu ɗan wata goma sha ɗaya yana goye a bayanta. Ba ta ɗago kai ba.

"Wa ya gaya miki wannan maganar?" ta tambaya da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"Waccan mai jan gashin. Ta ce sun zo taimakon talakawa ne."

A bakin titi wata doguwar farar mota ce a tsaye, ɗalibai goma sha ɗaya suna sauke guduma da zarto da bokitai, dukkansu cikin shuɗɗan riguna iri ɗaya. Daga wata jami'a a Ohio suka taso, tafiyar kusan awa bakwai. Abokansu sun tafi bakin teku hutun watan Maris, su kuwa cocinsu ya turo su gyaran gidajen tsofaffi.

Mama Martha, wadda ke zaune a kujerarta a ɗaya gefen barandar, ita ta fara dariya.

"Ni ce talakar, Aliyya. Ku ai babanku a rediyo yake magana. Wuce kar motar makaranta ta bar ki."

Ta yi dariyar da kyau, amma Tayyiba ta ga yadda ta ja zani ta rufe gwiwar da aka yi mata aiki.

Gida ɗaya ne aka raba biyu a tsohuwar unguwar Laurel, ƙofa biyu, baranda ɗaya doguwa ta katako. Hagu na Mama Martha ne, dama kuma su Tayyiba ke haya. Matar 'yar Zonkwa ce, ta yi shekara goma sha uku tana ɗaga tsofaffin Amurka daga gado zuwa kujera har gwiwarta ta ƙi. A hunturun bana ta zame a matakala ta kwanta cikin ƙanƙara, Tayyiba ce ta jiyo kiranta. Shi ya sa ɗanta Katung, wanda ke aji uku a waccan jami'ar, ya kai sunanta ga 'yan ƙungiyarsu, a zo a cire matakalar a yi mata gangare na katako.

Ita ce kuma mai riƙe wa Tayyiba Fatihu. Kwana huɗu a mako, daga sha biyun rana zuwa shida, Tayyiba tana kantin magani a Beltsville, shi kuwa yana ɗakin Mama Martha, wadda ba ta kiransa da komai sai "mijina".

Ɗaliban suka yi da'ira a kan ciyawa, suka riƙe hannu suka yi addu'a. Dattijon kafinta da ke kula da su ya nuna musu matakalar, ya ce su ciccire ruɓaɓɓun katakan kafin ya dawo daga sayo sababbi, ya ja motarsa ya tafi. Cikin awa ɗaya sun gama. Suka tsaya suna kallon juna, ƙarfi ya yi musu yawa, aiki ya ƙare.

Can aka ƙwanƙwasa wa Tayyiba ƙofa. Wani dogon saurayi ne mai gilashi, ya ce sunansa Gregory, shi ne shugaban tawagar. Soket ɗin waje na Mama Martha ya mutu, ko za ta taimaka su jona waya daga falonta? Ta karɓi kan wayar da hannunta ta jona bayan kujera, ta bar ƙofar a ɗan buɗe. Har da cewa Allah ya ba da lada.

Tana wanke kwanuka ta ji ƙara ta tashi, wani irin ƙugi mai shiga haƙori. Ta leƙa ta taga.

Gregory ne riƙe da injin goge katako yana bin shingen katakon barandar. 'Yan mata biyu suna kankare jikin ginshiƙi da ƙarfe. Koren fentin da ke sama ya tafi, ƙarƙashinsa fari ne, ƙarƙashin farin kuma wani mai ruwan madara, mai kauri, duk ya tsattsage kamar busasshen tabo. Ƙura tana tashi, fara, laushi kamar garin alkama, tana sauka a kan kujeru da takalma da gashin kansu. Ba mai takunkumi ko ɗaya. Waƙa ma suke yi.

Soso ya faɗi daga hannun Tayyiba.

Shekara huɗu ke nan, a damina ta dubu biyu da goma, ta raka mahaifiyarta daga Gusau zuwa ƙauyen dangin uwa a ƙasar Anka, ta'aziyya. A can mutane suna niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, a injin da ake niƙa hatsi, yara suna rarrafe cikin garin. 'Yar kawunta ta binne yara biyu a wata ɗaya. Abin da Tayyiba ba ta manta ba shi ne ƙanƙantar kaburburan, da kuma wata yarinya da ta rayu amma ta daina gane uwarta. A can ta fara jin kalmar, gubar dalma. Da ta zo Amurka ta ji cewa tsofaffin gidajen nan, waɗanda aka gina kafin alif ɗari tara da saba'in da takwas, da yawansu da fenti mai dalma aka shafe su. Ranar da suka tare, ko da mai gidan ya nuna musu takardar dubawa, sai da ta sayo tsinkayen gwaji ta bi tagoginta ɗaya bayan ɗaya. Baranda ce ba ta taɓa ba, don koren fentin ya rufe komai.

Ta rufe tagogi, ta kira mijinta Bashar. Yana Washington, saura minti goma ya shiga ɗakin watsa labarai.

"Kin tabbata dalma ce?"

"Ban gwada ba tukuna. Amma gidan nan ya girmi babana."

"To ki bi a hankali, Tayyiba. Yaran coci ne, aikin ibada suke yi a wajensu. Ki fito da hijabinki ki ce su tsaya, kin san yadda za a fassara. Kuma ki duba Mama Martha, tun yaushe take zancen zuwansu. Ki rufe ƙofa ki zauna da yaro, kafinta zai dawo."

"Wayar wutarsu ta cikin ƙofata ta bi, Baban Aliyya."

"Ana kira na. Don Allah kar ki yi abin da za mu kasa haɗa ido da maƙwabta."

Ta tsaya riƙe da wayar. Gaskiya ya faɗa ta wani ɓangaren. A inda ta tashi, wanda ya zo yi maka aiki kyauta ba a ce masa aikinsa ɓarna ne. Abinci ake kai masa. Sai ta ga ai abincin ma zai iya kashe injin.

Ta sa Fatihu a cikin ɗan kejin wasansa a falo, ta juye cincin a babban faranti, ta ɗauko jarkar zoɓo. Tana fita suka yi ihun murna, ƙarar ta mutu. Sai dai kafin ta buɗe baki, mai jan gashin ta miƙo hannu, yatsunta fari fat, ta ɗebi cincin ta watsa a baki.

"A'a! Ku sauko kan ciyawa. Ku wanke hannu tukuna, da sabulu, don Allah."

Suka bi ta suna dariya, sun ɗauka tsabtar iyaye mata ce. Ta ja Gregory gefe, ta tattaro Turancinta mafi laushi.

"Fentin nan tsoho ne sosai. Da kun jira kafinta ya dawo, ko?"

"So muke mu ba shi mamaki," ya ce, fuskarsa cike da fara'a. "Kar ki damu, ba za mu bar naki gefen ba. Duka za mu yi, kyauta."

Ta hau wajen Mama Martha, wadda ke zaune tana kaɗa ƙura daga cinyarta.

"Mama, ƙurar nan ba ta da kyau. Da kin shiga ciki."

"Haba 'yata, ƙura ce fa. Za su share. Shekara nawa ina kallon barandar nan kamar mai ƙazuwa, yau Ubangiji ya aiko masu gyara, in shiga ɗaki in ɓuya?"

Tayyiba ta haɗiye sauran maganar. Sai da shaida. Ta san tsinke biyu sun rage daga wancan gwajin, inda ta ajiye su ne ba ta tuna ba. Ta haye sama da gudu. Ba sa cikin durowar magani. Ba sa cikin akwatin takardu. Tana zazzage jakar ɗinki a kan gado ta ji injin ya sake tashi. A ƙasan wata tsohuwar jakar hannu ta same su, cikin ledarsu, ta sauko tana tsallake matakala biyu-biyu.

Kejin wasan babu kowa.

Agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata, lokacin da kullum ake miƙa shi.

Ta fito. A can ƙarshen barandar, a kan tabarmar Mama Martha, Fatihu yana zaune. Ya rarrafa zuwa bakin tabarmar yana buga tafinsa a kan katako, yana jin daɗin yadda farin abu ke tashi. Yana ganin uwarsa ya yi dariya, ya cusa yatsu huɗu a baki.

Ba ta san lokacin da ta isa wajen ba. Ta fizge shi, ta zare hannun daga bakinsa, ta juya ta kama wayar wutar da ke kwance a bakin ƙofarta ta finciko da dukkan ƙarfinta. Wani abu ya faɗi a falo ya fashe. Injin ya yi shiru a hannun Gregory.

"Ba wanda zai ƙara taɓa katakon nan!"

Da Hausa ta faɗa, amma ba wanda ya nemi fassara.

Katung ya ajiye gudumarsa ya matso. Yaro ne mai ladabi, bai taɓa wuce ta bai gaishe ta ba, amma yanzu idonsa ya kaɗa.

"Anti, ni na ɗauko shi. Mama ce ta ce in kawo mata mijinta, lokaci ya yi. Mene ne laifin?" Ya rage murya. "Tun safe nake ganin ki. Kin rufe tagogi, kin kore mu kan ciyawa. In addu'ar da muka yi ce ta dame ki, ki faɗa kawai. Mutanen nan kwana suka yi a ƙasan coci don uwata."

"Katung," in ji Mama Martha. Amma ba ta ce masa ya yi shiru ba. Tayyiba take kallo, irin kallon da ba ta taɓa yi mata ba cikin shekara uku. "Maman Aliyya, a gaban baƙina?"

Tayyiba ta sunkuyar da kai. Da za ta iya, da ta ba da haƙuri ta shige ɗaki. Sai ta dubi bakin Fatihu, ga farin abu a gefen leɓensa.

"Riƙe min shi, kar ka bari hannunsa ya kai baki," ta ce wa Katung, ta miƙa masa yaron kafin ya yi tunanin ƙi.

Ta yage leda ta fito da tsinke ɗaya. Ta matse shi har ruwan ciki ya jiƙa audugar bakinsa, ruwan ɗorawa. Ta koma Turanci don kowa ya ji.

"Wannan na gwada dalma ne. In ya zauna yadda yake, zan durƙusa a nan in ba kowannenku haƙuri, in jona muku wayar da hannuna. In ya koma ja, guba kuke shaƙa tun ƙarfe goma."

Ta goga shi a kan fentin nan mai ruwan madara. Ledar ta ce a jira daƙiƙa talatin. Ko goma ba a yi ba audugar ta rine, ja kamar zoɓon da ke cikin kofunansu.

Mai jan gashin ta dubi yatsunta, ta fara kuka. Gregory ya ajiye injin a hankali kamar zai fashe.

"An gaya mana a horo," ya ce, muryarsa na karyewa. "Akwai shafi guda a kai. Na ɗauka cikin ɗaki kawai ake nufi." Ya juya ya ɗauki tsintsiya. "Yanzu za mu share, yanzun nan."

"Ajiye ta! Shara tayar da ita za ta yi. Ruwa za ku yayyafa. Kowa ya wanke hannu da fuska, kar wanda ya shiga gida da takalmi. Ka kira kafinta."

Ta shiga da Fatihu bayi, ta tuɓe shi, ta wanke shi tun daga gashi har tafin ƙafa yana tsala ihu, ta cusa kayan a leda ta ɗaure. Ta kira kantin magani ta ce yau ba za ta zo ba. Da ta fito da makullin mota, sai ta tarar da Mama Martha a ƙasa, Katung da wani sun sauko da ita ta inda matakala take a da. Ta canza zani, jakarta a hannu.

"Mama, ki zauna ki huta."

"Buɗe min mota."

Suka isa asibitin yara. Mama Martha ta zauna kusa da Tayyiba a ɗakin jira. Aka wanke yatsan Fatihu sau uku, aka tsira masa allura, aka ɗiga jinin a wani ɗan inji. Likitar, wata 'yar Indiya mai furfura, ta dawo da takarda.

"Ma'aunin dalmar jininsa tara ne," ta ce. "Daga biyar muke fara damuwa. Bai kai inda ake ba da magani ba, nesa ma, kuma za mu ɗebi na jijiya mu tabbatar. In aka raba shi da inda yake samunta, zai sauka." Ta dubi Tayyiba ta saman gilashi. "Sai dai ban cika zaton na safiyar yau kaɗai ba ne. Jininsa ya ɗan yi ƙasa, irin wanda ke ɗaukar lokaci. A ina yake wuni? Akwai abin da yake yawan ci ko tsotsa?"

"Gidana na gwada ko'ina," in ji Tayyiba. "Kowace taga."

Ta ji Mama Martha ta ja numfashi a gefenta.

"Yesu," matar ta ce a hankali. Da Hausa ta ci gaba, idonta a ƙasa. "Tagar falona. Tun da ya fara tsayuwa, nan yake kamawa yana leƙen hanya, yana jiran motarki. Haƙoransa na ƙaiƙayi, sai ya riƙa gurgurar katakon. Ni kuwa ina dariya, ina cewa mijina zai cinye min gida."

Tayyiba ta rufe ido. Ranar da ta gwada tagoginta, ta tsaya a ƙofar Mama Martha da sauran tsinkaye biyun a hannu. Ta yi tunanin yadda za a ji, baƙuwar jiya ta shiga ɗakin dattijuwa tana gwada mata bango kamar mai neman ƙazanta. Sai ta jefa su a jaka, ta yi sallama, aka sha shayi.

"Da yaran nan ba su kunna injin ba," likitar ta ce tana rubutu, "da sai yaushe za ki kawo shi gwaji?"

Tayyiba ta gyara wa Fatihu riga, ta goya shi.

Da la'asar suka dawo. An zagaye barandar da leda mai kauri, an jiƙa ko'ina, kafinta yana tsaye da takunkumi yana magana a waya, fuskarsa a murtuke. Ya ce masu lasisin wannan aiki za su zo su kwashe, gangaren kuwa ta ƙofar baya za a yi shi, da sabon katako. Ɗaliban suna zaune jere a kan ciyawa, ba waƙa. Aliyya tana gidan ƙawarta, inda Bashar ya ce a kai ta. Katung ya taso ya buɗe wa uwarsa mota, sannan ya zagayo ya ɗan rusuna.

"Anti, maganar da na faɗa ɗazu..."

"Ka sha ruwa da yawa, kuma dukkanku ku je a duba ku," ta ce. "Gobe ƙarfe nawa za ku fara? Zan yi ƙosai."

Ta ƙofar baya suka shiga ɗakin Mama Martha. Matar ta tura ɗan keken da take dogarawa wajen tafiya har gaban tagar falo, ta ɗaga labule. A gefen katakon, daidai tsayin yaro mai koyon tsayuwa, ga sawun haƙora nan ƙanana, biyu sama biyu ƙasa, a jere kamar ɗinki.

Ta miƙo hannu ba tare da ta juyo ba.

"Ba ni ɗayan."

Tayyiba ta matse tsinken ta ba ta. Mama Martha ta goga da kanta, a kan sawun. Suka tsaya su biyu suna kallon audugar tana rinewa, Fatihu yana barci a bayan uwarsa.

"Daga gobe a naki falon zan riƙe shi," in ji Mama Martha. "In kin yarda."

"Zan gyara miki kujerar kusa da na'urar ɗumama ɗaki, Mama."

Ke da kike karanta wannan da yaro a cinya, in tsohon gida kike ciki a ƙasar nan, ki gwada tagoginki, ki gwada na duk ɗakin da ɗanki ke wuni, ko na wace ce. Ranar da kika ga an ɗora inji a kan tsohon fenti, kar ki tsaya zuba cincin a faranti. Ki fara cire wayar.